Darasi na Tara: Yadda Ake Tsare Zafin Murhu

A gidaje da yawa na ƙaramar hukumar Bwari, har yanzu da itace ake girki. Murhun gargajiya duwatsu uku ne kawai. Da an hura wuta, iska takan kwashe mafi yawan zafin kafin ya kai gindin tukunya, musamman a lokacin hunturu. Sai itace ya ƙare, abinci bai nuna ba.

Maganin wannan asara yana hannun magina tukwane. Ƙauyen Ushafa da ke yankin Bwari ya shahara da ginin tukwane, har Shugaban Amurka Bill Kilinton ya ziyarce shi a watan Agustan 2000. Yumɓun da ake gina tukunya da shi, shi ake kewaye murhu da shi.

Amma yumɓu zalla shan zafi yake yi. Saboda haka akan kwaɓa shi da ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi. Idan wuta ta gasa ginin, ɓuntun yakan ƙone, ya bar ƙananan ramuka cike da iska. Iskar da ta maƙale ba ta barin zafi ya ratsa da sauri. Wasu kuma sukan yi wa murhu bango biyu, su cika tsakaninsu da busasshiyar toka. Sabon murhu a inuwa ake busar da shi, don kada ya tsage.

Akwai hattara guda uku. Na farko, kada a toshe giɓi da tsumma, kwali ko leda, domin suna kama wuta. Na biyu, a bar ƙofar shigar iska da mafitar hayaƙi a buɗe. Na uku, komai sanyi, kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa. Zafi ake tsarewa a murhu, ba hayaƙi ba.

Ma'anar Kalmomi
ɓuntu: ɓawon shinkafa
giɓi: wurin da ya buɗe tsakanin abu biyu
garwashi: gawayi mai wuta

Tambayoyi
1. Me ya sa murhun duwatsu uku yake cin itace da yawa?
2. Mene ne amfanin ɓuntu a cikin yumɓu?
3. Kawo hattara biyu daga cikin darasin.