Darasin Lafiya: Man Miyarki da Sojojin Jikin Ɗanki

A wannan fitowa tukunya za mu leƙa, mu dubi man da muke zubawa a miya, mu bi shi har inda yake ƙarewa a jiki. Da yawanmu mun ɗauka aikin mai bai wuce ya ba abinci armashi, ya sa mutum ya yi ƙiba ba. To, yana da wani aiki wanda ya shafi yadda jikin yaro yake faɗa da cuta.

Ga abin da ya sa muka ɗauko zancen. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitocin nan ta MSF da ma'aikatar lafiya ta Jihar Zamfara sun auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 97,000 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi. Aka tarar kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa, kashi 5 kuwa tasu ta yi tsanani. Duk wadda ta taɓa jinyar mai tamowa ta san ba yunwar kaɗai ke kisa ba. Gudawa ce, ko ƙyanda, ko ciwon haƙarƙari, ke zuwa su tarar da garkuwar jiki a kwance.

Garkuwar nan ba wani abu ba ce illa fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira sojojin jiki. Kowace ƙwaya tana da fata siririya da ta kewaye ta kamar katanga, kuma da maiƙo aka gina ta. Wani maiƙon jiki ke ƙerawa da kansa. Amma akwai iri biyu da ba ya iyawa, sai an ci: omega-6 da omega-3. Wani masani ɗan Amurka, George Burr, da matarsa Mildred ne suka gano haka a 1929, bayan sun ga ɓerayen da aka hana wa mai fatarsu ta lalace, girmansu ya tsaya. Kin ga ke nan man da yaro ya saba ci yana cikin tubalin katangar sojojinsa.

Yanzu sai kalsiyam. Kin san shi a zancen ƙashi da haƙori, amma a cikin ƙwaya aikinsa irin na sanƙira ne, shi ke yin shela. Idan ƙwaya tana hutawa, kalsiyam ɗin da ke wajenta ya ninka na cikinta wajen sau 10,000. Ki ƙaddara ruwa ne aka tare a bayan madatsa. Da zarar sojan jiki, musamman wanda ake kira ƙwayar T, ya gane baƙon ƙwayar cuta, sai ya fara buɗe wani ɗan rumbun kalsiyam da ke cikinsa. Rumbun na yin ƙasa, sai wani furotin mai suna STIM1, wanda ke gadinsa, ya matsa jikin katanga ya buɗe babbar ƙofa, wato Orai1. Nan take kalsiyam ɗin waje ya kwararo ciki. Wannan kwararar ita ke ba ƙwaya umarnin ta hayayyafa, ta fitar da sinadaran kiran 'yan'uwanta, a taru a kan cuta.

Kada ki raina ƙofar nan. A 2006 aka gano ta, kuma ta hanyar binciken wasu jarirai 'yan gida ɗaya da aka haifa tasu ba ta aiki. Sojojin suna nan a jininsu, amma ba su jin kira, saboda haka kowace cuta sai ta kayar da su. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda aka yi wa dashen ƙoda ana ba shi magani irin su cyclosporin, wanda ke tare saƙon nan na kalsiyam da gangan, don kada sojojinsa su far wa sabuwar ƙodar. Shela ta yi rauni matsala ce, ta yi yawa ma matsala ce: asma da amosanin gaɓɓai duk suna da alaƙa da garkuwar da ta ƙi lafawa.

Wata za ta ce to bari in dura wa yaro madara don kalsiyam ya ƙaru. A'a, ba haka abin yake ba. Jiki yana riƙe kalsiyam ɗin jini a ma'auni guda, in ya ragu ma daga ƙashi yake ɗebowa. Madara na da amfaninta, amma abin da ke sauya ƙarfin shelar shi ne ƙofofin da katangar da suke zaune a ciki. Nan ne mai ya shigo.

Daga omega-6 jiki ke yin sinadaran da ke tayar da kumburi da zazzaɓi. Ɗaya daga cikinsu ma shi ke kiran fararen ƙwayoyi zuwa wurin rauni, ta hanyar ɗaga kalsiyam ɗin cikinsu. In kin taɓa shan ibuprofen ciwo ya lafa, ai wani reshen wannan aikin ya toshe. Omega-3 kuwa, musamman iri biyun da ke cikin kifi, EPA da DHA, in suka shiga katanga sukan rage wa omega-6 wuri, su sauya yadda ƙofofi da masu gadi ke haɗuwa. A gwaje-gwajen da aka yi da ƙwayoyin T a ɗakin bincike, an sha ganin kwararar kalsiyam ta ragu bayan an ba su waɗannan. Daga gare su ne kuma jiki ke yin sinadaran da ke cewa faɗa ya ƙare, a kwashe gawarwaki, a gyara wuri. Wato ɗaya na zugawa, ɗaya na lallashi, kuma gida ba ya zama lafiya sai da duka biyun. Sai dai ki lura: yawancin wannan ilimi daga ɗakin bincike da jikin dabbobi ya fito. Duk mai tallan da ya ce miki ƙwayar man kifinsa tana hana ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, kuɗinki yake so. Rigakafi da gidan sauro ba su da madadi.

To mu dawo tukunyarmu. Ƙasarmu ƙasar gyaɗa ce; bayan layin dogo ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya a 1929, gyaɗa da auduga jirgi ya riƙa kwasa a wancan zamani. Man gyaɗa mai ne mai kyau, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasa omega-6 ne, amma omega-3 kusan babu. Haka man riɗi. Manja yana da sinadarin da ke zama bitamin A, abin da yaranmu ke matuƙar buƙata, sai dai shi ma bai da omega-3 na a zo a gani. Man shanu da man kaɗanya ma haka. A ganina matsalarmu ba wai muna cin mugun mai ba ne. Gefe ɗaya ne ya cika, ɗaya ya zama wayam.

Har abincin tamowa na leda da ake bayarwa a asibiti, wanda ake yi da gyaɗa da madarar gari da sukari da mai, sai da wannan magana ta taɓa shi. Wani bincike a ƙasar Malawi ya nuna yaran da aka ba irin wanda aka rage wa omega-6 aka ƙara masa DHA sun fi nuna ci gaban ƙwaƙwalwa bayan wata 6. A 2022 hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, ta fitar da ƙa'idar da ta rage iyakar omega-6 ta ɗaga ta omega-3 a cikinsa. Leda ɗaya giram 92 ce, kuma da lissafi ake ba kowane yaro nasa. Don Allah 'yar'uwa, in an ba ki na ɗanki, kada ki raba wa yayyensa, kada ki kai kasuwa, komai matsin da ake ciki. Magani ne, ba ƙuli-ƙuli ba.

Ina za a samo omega-3 ɗin? Kifin ƙanƙara irin su Titus da sadin na gwangwani su suka fi shi, amma mun san tsadarsu. Tarwaɗa da ƙarfasa suna da shi, ko da bai kai na kifin teku ba. Ƙananan busassun kifin da ake aunawa a kasuwar Shinkafi ko ta Ƙaura, in kika gyara, kika daka su da ƙayarsu, kika barbaɗa a miyar kuka ko faten yaro, kin ba shi maiƙo da furotin da kalsiyam gaba ɗaya. Waken suya ma yana da nasa irin omega-3, don haka awara da kunun waken suya ba abin rainawa ba ne, sai dai kaɗan ne jiki ke iya juyawa zuwa DHA. Mai shayarwa kuwa ta sani cewa yawan DHA da ke cikin nononta yana bin abin da take ci. In kifi ya shigo gida, kada a ce kai da ƙaya ne rabonta.

Akwai wani maiƙon da ba a kasuwa ake saye ba. Dusar gero da dawa, wake, kuɓewa, zogale da rama, in sun isa babban hanji, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke can sukan sarrafa su su fitar da wasu ƙananan sinadaran maiƙo. Fararen ƙwayoyin jini suna da wurin karɓarsu a katangarsu, kuma ta kalsiyam ɗin nan suke amsawa. Shi ya sa surfen da ke kwashe dusa ƙarƙaf yake rage wa tuwo daraja.

Sai man suya. Wanda aka soya ƙosai da shi yau, gobe awara, jibi kifi, har ya yi baƙi yana kumfa, zafi ya riga ya lalata omega ɗin cikinsa, ya bar abubuwan da ke cutarwa. Ki riƙa zuba daidai wanda za ki yi aiki da shi. Ragowar ki tace, ki rufe a kwalba ko gwangwani, ki ajiye inda rana ba ta bugawa, in kuma ya fara warin ɗaci to ya tashi daga na ci.