YADDA ƊAN ƘASA ZAI BINCIKI DOKA DA AYYUKAN GWAMNATI TA INTANET

Gabatarwa

A zamanin da, idan mutum yana so ya ga wata doka ta Gwamnatin Tarayya da idonsa, sai ya yi takakkiya zuwa ɗakin karatu na babban birni, ko ofishin lauya, ko kuwa ya aika Ikko a sayo masa daga Maɗaba'ar Gwamnati. Saboda wannan wahala, yawancin jama'a sun dogara ga abin da aka gaya musu, ko gaskiya ko akasinta. Yau kuwa, duk mai wayar hannu da ke shiga intanet yana iya buɗe Tsarin Mulki, ko kasafin kuɗi, ko sakamakon zaɓen rumfarsa, yana zaune a zaurensa.

Amma fa hanyar da ta kawo sahihan takardu, ita ce kuma ta kawo na jabu. Akwai dokokin da aka soke tuntuni suna nan a shafuna kamar suna aiki, akwai sanarwar ƙarya mai ɗauke da tambarin gwamnati, akwai kuma masu buɗe shafi da sunan ɗaukar ma'aikata don su cuci marasa aikin yi. A gaban alƙali kuwa, rashin sanin doka ba ya zama hujja. Don haka aka shirya wannan darasi, domin mai karatu ya san inda zai nema, da yadda zai auna abin da ya samu.

1. Gane shafin gwamnati

Abu na farko shi ne duba adireshin shafi tun kafin a karanta abin da ke ciki. Adireshin ma'aikatu da hukumomin gwamnatin Nijeriya yakan ƙare da gov.ng, kuma ba a ba kowa wannan ƙarshe sai ofishin gwamnati. Misali, na Majalisar Dokoki ta Ƙasa shi ne nass.gov.ng, na Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya kuwa budgetoffice.gov.ng. Akwai 'yan hukumomin da suka saɓa wa wannan tsari, kamar Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta, watau INEC, wadda aka san ta da inecnigeria.org. Mayaudara sukan sauya harafi ɗaya ko biyu kurum, don haka a karanta adireshi harafi bayan harafi. Tambari da tuta ba shaida ba ne, gama kowa yana iya kwafarsu.

2. Tsarin Mulki

Duk wani bincike a kan doka daga nan yake farawa. Tsarin Mulkin 1999 ya fara aiki ranar 29 ga Mayu, 1999, yana da sashe 320 da jadawali 7. Sashe na 1 ya tabbatar da cewa duk dokar da ta ci karo da shi, to, wurin da ta ci karon ba shi da ƙarfi. Wuraren da suka fi shafar talaka su ne Babi na Biyu, mai bayanin manufofin da ake so gwamnati ta bi, da Babi na Huɗu, daga sashe na 33 zuwa na 46, mai bayanin haƙƙoƙin ɗan Adam. Jadawali na Biyu kuma shi ke raba aiki: jerin farko na abubuwan da Majalisar Ƙasa kaɗai ke yi wa doka, kamar tsaro da kuɗin ƙasa, jeri na biyu kuwa na waɗanda tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu.

Lalle ne a karanta sashe har ƙarshensa. Ga misali: sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi cikin nisan kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Amma can ƙasa sashen ya ware wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne. Wanda ya tsaya a tsakiya, rabin doka ya sani.

Har ila yau, an yi wa Tsarin Mulkin gyare-gyare, kuma kofe da yawa da ke intanet tsofaffi ne. Ga gwaji mai sauƙi. A 2018 an rage shekarun tsayawa takarar Shugaban Ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da Majalisun Jihohi daga 30 zuwa 25. A 2023 kuma an mayar da sha'anin jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali cikin jerin da jihohi ke da hannu. Idan kofen da ke hannunka bai nuna waɗannan ba, ajiye shi ka nemi sabo.

3. Dokokin Tarayya

An tattara dokokin Majalisar Ƙasa cikin babban kundi da ake kira LFN a taƙaice. An yi irin wannan tari a 1958, da 1990, da 2004. A kundin 2004 kowace doka tana da babinta mai harafi da lamba; Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, alal misali, ita ce Babi L5. Wata cibiya mai zaman kanta da ke Abuja, mai suna PLAC, ta ɗora wannan kundi a shafinta na placng.org, ana karantawa kyauta.

Sai dai a lura, duk dokar da aka yi bayan 2004 ba ta cikin kundin, kuma wasu na ciki an soke su. Dokar Kamfanoni ta 1990 ta kau, ta 2020 ta maye gurbinta. Haka nan tsohuwar Dokar 'Yan Sanda ta ba da wuri ga ta 2020. Ɗan kasuwar da ya kafa hujja da tsohuwar Dokar Kamfanoni, ya yi gini a kan yashi. Hanyar tabbatarwa ita ce Gazet, watau jaridar da gwamnati ke buga dokoki da ƙa'idoji da sanarwarta a ciki. Kowace fitowa tana da lamba da kwanan wata. Sanarwar da aka ce daga Gazet take, alhali ba lamba ba rana, abar tuhuma ce.

Kada kuma a manta Nijeriya tarayya ce mai jihohi 36, kowace da majalisarta da dokokinta. Dokar laifuffuka da ake bi a Kano ba lalle ta zama ita ake bi a Inugu ba. Kafin a ce "doka ta ce", a tambaya: dokar wace gwamnati?

4. Majalisar Dokoki ta Ƙasa

Majalisar Dattawa tana da wakilai 109, Majalisar Wakilai tana da 360. A shafin majalisa ana samun sunayen wakilai da mazaɓunsu, da jadawalin aikin kowace rana, da taƙaitaccen bayanin abin da aka zartar. Kowane ƙuduri yana da lamba: na Dattawa yana farawa da SB, na Wakilai da HB. Da wannan lamba ake bin sawunsa, kuma cibiyar PLAC tana da shafi na musamman don haka.

A nan ne jama'a suka fi ruɗewa, domin ƙuduri daban, doka daban. Sai an yi wa ƙuduri karatu uku, kwamiti ya duba shi, majalisun biyu sun amince da nassi guda, sa'an nan a kai wa Shugaban Ƙasa. Sashe na 58 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, majalisun suna iya zartar da shi da rinjayen kashi biyu cikin uku na kowace, kamar yadda aka yi da Dokar Hukumar Raya Yankin Neja Delta a shekarar 2000. A 2019 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan wani ƙuduri na sa ido kan kafofin sada zumunta. Ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, amma bai zama doka ba. In ka ji an ce majalisa ta yi doka, sai ka bincika matakin da aka kai.

5. Dukiyar jama'a

Ofishin Kasafin Kuɗi yana ɗora kasafin kowace shekara, ma'aikata bayan ma'aikata, aiki bayan aiki. Mai haƙuri yana iya gano ko an sa rijiyar burtsatse ko asibitin garinsu, da nawa aka ware. Amma a bambanta abu uku: abin da Shugaban Ƙasa ya gabatar, da abin da majalisa ta zartar aka sa wa hannu, da abin da aka fitar daga baitulmali. Ganin aiki a kasafi ba ya nufin kuɗinsa sun fita. Don sanin wannan, sai a duba rahotannin aiwatar da kasafi na ofishin, da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana buga abin da kowace jiha da kowace daga cikin ƙananan hukumomi 774 ta samu daga rabon asusun tarayya na wata-wata. Ofishin Kula da Basussuka kuma yana bayyana bashin da ake bin tarayya da jihohi. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011, tana sauƙaƙa waɗannan alƙaluma da zane-zane. Aikinta yana da amfani, amma in za a kafa hujja, a koma ga takardar asali.

6. Zaɓe

A shafin INEC akwai jerin jam'iyyu masu rajista, da sunayen 'yan takara, da jadawalin zaɓe, da wurin da mutum zai duba rajistarsa. A 2021 hukumar ta ƙara rumfunan zaɓe suka kai 176,846. Tun 2020 ta buɗe shafin IReV, inda ake ɗora hoton takardar sakamakon rumfa, mai lamba EC8A, domin kowa ya gwada da abin da aka sanar a gabansa. A hukuncinta na Oktoba 2023 kan zaɓen Shugaban Ƙasa, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa wannan shafi na dubawa ne, ba wurin tattara sakamako ba. An gudanar da zaɓen 2023 bisa Dokar Zaɓe ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2010. Da yake dokar zaɓe tana yawan sauyawa, a nemi wadda ke aiki a duk lokacin da zaɓe ya gabato.

7. Hukuncin kotuna

Ma'anar doka ba ta cika sai an san yadda alƙalai suka fassara ta. Shafin NigeriaLII yana ba da hukunce-hukunce kyauta, LawPavilion kuwa sai an biya. Akwai kuma rahoton mako-mako na NWLR, wanda marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985. A kullum a duba wace kotu ce ta yi hukuncin, domin na Babbar Kotu yana iya rushewa a Kotun Ɗaukaka Ƙara, na Kotun Ƙoli ne ƙarshe. Kanun labarin jarida ba hukunci ba ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

8. Idan ba a samu a intanet ba

Ba kome ne aka ɗora ba, wasu shafunan kuma sukan daɗe ba a sabunta su ba. A nan ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, take da rana. Kowa yana iya rubuta wa hukuma ya nemi takarda, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Wanda bai iya rubutu ba, wani yana iya nema a madadinsa. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 bisa dalili. Ba ta karɓar kuɗi sai na kwafa. Idan ta hana, mai nema yana da kwana 30 ya kai ƙara, kuma hanawa ba bisa ƙa'ida ba tana jawo tarar Naira 500,000. Dokar ta ware wasu abubuwa, kamar sirrin tsaro da bayanan rayuwar mutum. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi su ma. Mai neman tsofaffin takardu kuwa, sai ya nufi Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ko Ibadan, ko Inugu.

9. Abin kiyayewa

Da Turanci ake rubuta dokokin tarayya, kuma nassin Turanci kotu ke dubawa. Fassara taimako ce, musamman wadda na'ura ta yi, wadda takan juya ma'ana. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba, ya nemi amintaccen mai ilimi su karanta tare. Bugu da ƙari, kofen da aka sauke daga intanet na neman sani ne. In takardar gwamnati za a kai gaban alƙali, ana bukatar kofen da ofishin da ke riƙe da ita ya tabbatar. Idan magana ta shafi gona, ko gado, ko 'yancin wanda aka tsare, karatu ba ya hana ganin lauya, sai dai ya sa mutum ya je da saninsa.

Sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ikonta. Mai abu kuwa shi ya fi cancanta ya san halin da abinsa ke ciki. Saboda haka muna kira ga malamai, da shugabannin ƙungiyoyi, da matasa masu wayoyi, su karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Tambayoyi don nazari

1. Ta yaya za ka gane kofen Tsarin Mulkin da ke hannunka tsoho ne?
2. Mene ne bambanci tsakanin ƙuduri da doka?
3. Nemo sunan wakilin mazaɓarka a Majalisar Wakilai, da ƙuduri ɗaya da ya gabatar.
4. Nawa ƙaramar hukumarku ta samu daga asusun tarayya a rahoton ƙarshe da aka buga?
5. Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa wata hukuma, kana neman bayanin wani aiki da aka sa wa garinku a kasafi.