Darasi: Duba Mai da Ruwa a Motar Ƙungiya

Kaka ta yi, lokacin jigilar amfanin gona ke nan. Ƙungiyoyinmu da dama suna da a-kori-kura wadda aka saya da kuɗin taro. In injinta ya buga sa'ad da ake kai masara da gyaɗa kasuwa, hasarar ta dukanmu ce. Sau da yawa kuwa ba tsufa ke kashe inji ba, rashin mai ne ko rashin ruwa. Dubawa ba ta wuce minti 10 ba.

Mu duba da safe, injin yana da sanyi, motar kuma tana tsaye a wurin da babu gangare. Kafin mu ɗaga bonet, mu leƙa ƙasa. In mun ga ɗigo, akwai inda ke yoyo.

1. Baƙin mai

Shi ne ke hana ƙarafan inji cin juna. A jikin injin akwai wani siririn ƙarfe mai zobe a ka, da shi ake awo. Mu zare shi, mu goge da tsumma mai tsabta, mu mayar har ƙarshe, sa'an nan mu sake zarewa. Akwai alamu 2 a bakinsa. Man ya tsaya tsakaninsu. In ya yi ƙasa, mu ƙara kaɗan kaɗan muna awo, gama yawansa ma yana ɓarna. Mu sa irin lambar da littafin motar ya faɗa, kamar 15W-40 ko 20W-50.

Mu duba kamanninsa kuma. Baƙi ba laifi ba ne, musamman a injin dizal. Amma in ya zama kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Kada a tada motar, a kira bakanike. Motar da ke shan ƙurar hanyar ƙauye tana bukatar juyen mai da sabuwar filta wajen kowace kilomita 5,000.

2. Ruwan lagireto

Shi ne ke sanyaya inji. Yawancin motoci suna da farar robar ruwa mai alamu 2 kusa da lagireto. Kada mu kuskura mu buɗe murfin in injin yana da zafi. Ruwan zai yi tsartuwa, ya ƙone fuska da hannu. Ruwan rafi ko na kududdufi yana toshe lagireto da laka. Mu sa ruwa mai tsabta haɗe da maganin da ake sayarwa domin hana tsatsa.

3. Man birki

Robarsa ƙarama ce, tana can baya, ta gefen direba. A kan murfin an rubuta irin da ya dace, DOT 3 ko DOT 4. Kada a zuba baƙin mai a ciki ko sau ɗaya, zai lalata robobin birki. In man ya ragu farat ɗaya, akwai yoyo. Irin wannan mota ba ta ɗaukar kaya, balle mutane, sai an gyara.

4. Ruwan batir

In batir mai murafu ne, ruwan ya rufe farantan da ke ciki. Tataccen ruwan batir kaɗai za mu ƙara, ban da na rijiya. Batir da aka rufe ruf ba a buɗe shi.

Man giya da na sitiyari kuwa, bakanike ya duba su ran juyen mai. Tsohon man da aka juye, kada a zubar kusa da rijiya ko gona, kada kuma a shafa wa dabbobi.

Aikin Ƙungiya

Motar taro takan lalace domin kowa yana tsammani wani ya duba. Saboda haka mu zaɓi mutum ɗaya ya riƙa dubawa tare da direba. Mu saya masa ɗan littafi, ya rubuta rana, da kilomita, da man da aka ƙara. Ma'aji ya karanta littafin a taron kowane wata.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yaushe aka yi wa motarmu juyen mai na ƙarshe?
2. Nawa ne galan ɗin mai, nawa ne kuma gyaran inji?
3. Wa za mu ba wannan aiki?