Kusurwar Lafiya: Me Likita Ke Nema a Wuyan Marar Lafiya?

A wannan makon mun kawo muku wani gwaji da ba ya buƙatar wutar lantarki, sai ido da rula da haske.

Akwai jijiyoyi masu fitar da jini daga zuciya, akwai masu dawo da shi. Awon hawan jini da ake yi a dantse na farkon yake aunawa. Na biyun kuwa a wuya ake duba su. Jijiyar wuya ta dama ta miƙe kusan sak zuwa zuciya, shi ya sa take aiki kamar tiyon ruwan da magina ke daidaita gini da shi. In zuciya ta gaza tura jini, sai ya taru, ya hau sama a wuya. Wani likitan Birtaniya, Thomas Lewis, ya bayyana wannan awo a 1930.

Ga yadda ake yi:

1. A kishingiɗar da marar lafiya, gadon ya tashi digiri 45.
2. Ya ɗan juya kai hagu, a haska wuyan daga gefe.
3. A nemo inda motsin jijiyar ya tsaya.
4. A auna tsayinsa a miƙe daga ɗan tudun da ke saman ƙashin ƙirji. In ya wuce santimita 4, jini ya taru.

Mu ma za mu iya ganin misalinsa. Mu sauke hannu har jijiyoyin bayansa su cika, sannan mu ɗaga shi a hankali. Da ya wuce saitin zuciya, sai su kwanta. Amma kada mu danne wuyan kowa da sunan gwaji.

Me ya sa abin ya shafe mu? A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry sun yi nazarin ciwon zuciyar masu jego a Zariya, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego. Haki, kumburin ƙafa da cikar jijiyar wuya suna cikin alamominsa.

Don haka in mai jego a gidanmu ta kasa kwanciya saboda haki, kada a ce gajiyar haihuwa ce. A garzaya da ita Babban Asibitin Bici. Allah Ya ƙara mana lafiya. Mu haɗu mako mai zuwa.