Darasin Lafiya: Yadda Jakar Hanji Za Ta Kama Fata Ta Daɗe

A ƙauyukanmu na Tambuwal da Kebbe akwai waɗanda taifot ya huda musu hanji, aka yi musu aiki a Sakkwato, aka fito da bakin hanjin ta gefen ciki. Bayan gida yana zuba cikin jaka da ake mannawa a fata. Jakar tana da tsada, samunta sai an je birni. A bazara kuma gumi yakan ɓamɓare ta kafin kwana biyu. Mun ga waɗanda suka daina zuwa sujada saboda tsoron yoyo da wari.

A Luka sura 10 Basamariyen nan ya zuba mai a raunin wanda ya tsinta. Mu ma da mun ga fata ta yi ja sai mu ɗauko man kaɗanya ko basilin. A nan kuwa mai shi ne abokin gaba: jaka ba ta kama fata mai maiƙo. A wanke wurin da ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta, ban da sabulu mai turare, a bari ya bushe sarai. In da gashi a rage shi da almakashi. A yanka ramin jakar daidai bakin hanjin, kada tazarar ta wuce milimita 3, domin abin da ke fitowa yana cin fata. Bayan an manna, a dafe da tafin hannu minti ɗaya ko biyu, ɗumin hannu yana sa gam ɗin ya kama. Da sassafe kafin karin kumallo ya fi, lokacin hanji bai fara aiki sosai ba.

Nauyi ma yana ɓamɓare ta. A zubar tun tana kashi ɗaya cikin uku. Zumuntar mata za su iya ɗinka ɗamara ta yadin auduga mai aljihu, ta tallafi jakar ta kuma shanye gumi. Da haka jaka ɗaya takan kai kwana 3 zuwa 5.

Gam ɗin facin taya da sufa gulu, Allah ya sawwaƙe, suna ƙona fata. In jaka ta fara yoyo kada a liƙe da filasta, a canza ta. Idan jakar ta ƙare har dole a koma ga leda da tsumma, a nan ne basilin ko farin man zink ke da amfani don kare fata, sai dai a wanke shi tas kafin a manna sabuwa.

Bakin hanji mai lafiya ja ne, mai damshi. In ya yi baƙi, ko babu abin da ke fitowa ga amai da ciwon ciki, a tafi babban asibitin Tambuwal a ranar. In zawo ne ya yi yawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya.