Juya rigar ki duba cikinta

Yawancin kayan da ake kawo mana gyara zaren ɗinkinsu lafiya lau yake, yadin ne ya gudu ya bar shi. Yadi saƙa ne, zaren tsaye da na kwance suna riƙe da juna, kuma da zarar almakashi ya ratsa, na bakin sun rasa madogara. Kowane wanki, kowace cuɗa, sai 'yan zaruruwa su zare, har rabin incin da aka bari a ciki ya cinye ya iso kan layin ɗinki. A hammata da tsakanin wando abin yake farawa, inda jiki ya fi ja. Shadda ta fi atamfa saurin tsefewa, ga shi kuma ita ce ake kaiwa wajen masu bugu. Shi ya sa nake ganin rufe bakin ɗinki wani ɓangare ne na ɗinkin kansa, kuma rigar da ba a yi wa ba, ba a gama ta ba.

Mai ɗinki a gida za ta ce ba ta da keken wibin, baƙin Butterfly kawai gare ta, mai ɗinki a miƙe. Gaskiya ne, amma shi ma ya isa. Ki haɗa yadin fuskokinsa suna kallon waje, ki ɗinka kusa da baki, ki datse gezar, ki juya ki goge, sannan ki sake bi. Bakin ya shige ciki ke nan, babu ta inda zai tsefe, kuma ga yadi mai santsi marar kauri wannan ya fi wibin kyau. Idan yadin mai kauri ne, ki kalmashe kowane baki daban ki taka shi. Wasu kuma kan ce ai ba mai ganin ciki. Ruwa da sabulu suna kaiwa can, fatar mai sawa ma tana ji.

Ƙona baki da wuta kam ba na goyon bayansa. Yadin roba ne kaɗai ke narkewa ya manne, kuma bakin kan yi tauri ya riƙa kartar jiki, musamman na yara. Auduga ci take yi da wuta. Uzurin da na yarda da shi guda ne: yadi mai talewa irin na singileti ba ya tsefewa, ana iya barinsa haka.