Kafin Ka Tare a Sabon Gida

Karatu: Maimaitawar Shari'a 20:5, Irmiya 22:13

Ɗan'uwa, shekara da shekaru kana sayar da albasa a Aliero, yau ga gidanka na fari. Haleluya! A Isra'ila, wanda ya gina gida bai keɓe shi ba, ko yaƙi za a fita akan sallame shi ya koma ya keɓe. Amma kafin ka kira fasto, magini da leburori sun karɓi hakkinsu? Irmiya ya tsawata wa sarki Yehoyakim don ya gina fada da gumin mutane ba lada. Biya su tukuna. Kada ka binne laya a ƙofa, jinin Yesu ya isa.

Addu'a: Ya Uba, ka zama Maigidan gidan nan, cikin sunan Yesu. Amin.